Ƙyallayen Baba Issahaku

Duk wanda ya zauna a unguwar Peckham ta London cikin shekarun tamanin, in dai ɗan Zango ne daga Ghana, ya san Baba Issahaku. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, tabarau rataye a wuyansa da zaren da ya kitsa da kansa. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya haƙura da ita: bai iya gaisawa da mutum ya ƙyale shi haka ba, sai ya kai yatsu biyu ya murza bakin rigarsa ya ji irin yadin. Ko liman bai tsira ba. In yadin ya yi masa, sai ya gyaɗa kai kamar an ba shi labari mai daɗi. In bai yi masa ba, sai ya ce, "Allah ya sa ba da tsada aka sayar maka ba," sannan ya ci gaba da tambayar iyali.

A Aboabo aka haife shi, cikin Kumasi, kuma a shagon kawunsa ya tashi tun ƙafarsa ba ta isa ta taka keken ɗinki ba. Farkon shekarun saba'in ya zo London a wani jirgi mai injuna huɗu a wutsiya, daga baya matarsa Hamdatu ta biyo shi da 'yarsu Fusena tana 'yar ƙarama. Ya zo da niyyar ɗinka kwat, sai rabo ya kai shi wata ƙaramar masana'anta a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa wajen Deptford, inda ake ɗinka tamfol na motocin kaya da tanti da rumfar shaguna. Duk sanda jirgi ya wuce ta sama, kofunan shayi sai su kama rawa a kan tebur. Bai taɓa raina aikin ba. Cewa yake yi ɗinki ɗinki ne, ko mota aka sa wa riga a sa mata wadda ta zauna.

Bayan yaƙin nan da Ingila ta yi a wasu tsibirai can ƙasan teku a 1982, aiki ya sauya. An ga cewa jiragen soja ba sa iya tafiya mai nisa irin wannan sai an ba su mai suna cikin tafiya a sama. Sai aka ɗauko tsofaffin jiragen fasinja, aka cire kujeru, aka sa musu tankuna a ciki da dogon tiyo da ake warwarowa ta baya. Babban aikin can nesa da London ake yin sa, amma ana rarraba ƙananan sassa ga masana'antu irin tasu. Abin da ya faɗo musu shi ne rigar kwando.

Ranar da Baba Issahaku ya fahimci abin da zai riƙa ɗinkawa, bai bari an ci tuwo cikin kwanciyar hankali ba. Ya ciro tiyon injin wanki, ya ɗaura masa mazurarin Hamdatu a baki, ya ba Fusena muciya ya ce ta riƙe a saitin hancinta.

"Ni ne uwa, ke ce ɗa," in ji shi. "Ina tafe ina jan tiyo. A bakin tiyon akwai kwando, kamar wannan. Ke kuma manki ya kusa ƙarewa, sai ki matso a hankali ki cusa tsinken hancinki cikin kwandon, ki sha ki ƙoshi, ki koma. Ba wanda ya tsaya, ba wanda ya sauka."

"Baba, please," in ji Fusena, amma ta riƙe muciyar.

"To mene ne ke hana kwandon nan wutsil-wutsil a cikin iska? Yadin da aka zagaye bakinsa da shi. Iska ta cika shi, ya buɗe, ya tsaya cak. Wa ke ɗinka yadin?" Ya bugi ƙirji.

Ajara na zaune a kujera tana ɓare gyaɗa. Taubashiyarsa ce, 'yar kawun nan da ya koya masa ɗinki, tana zaune a Lewisham, kuma tun suna yara ba ta taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa lafiya ba. Ta ce, "Oh, Tela. Mu muna can muna gaya wa mutanen gida kana ƙera jirgin sama, ashe bante kake ɗinka wa mazurari."

"Bantena na tashi sama, Ajara. Naki fa?"

Shi dai a ransa ya riƙe cewa jirgin da ya kawo shi ƙasar yana cikin waɗanda aka mayar masu shayarwa. Ba wanda ya tabbatar masa, ba wanda ya ƙaryata shi. Bai ma taɓa ganin ko ɗaya da idonsa ba sai a hoton da aka manna a bangon masana'anta, amma yakan tsaya gaban hoton da kofin shayi ya ce, da ni da kai duk mun tsufa an sake mana aiki.

Sabon yadin fari ne, mara nauyi, ruwa ba ya ratsa shi, kuma ko ƙato ya ja ba ya yagewa. Akwai wani siririn jan zare da aka saƙa a cikinsa daga farko har ƙarshe. Tare da yadin aka kawo wata durowa mai jan murfi da kwaɗo, da ɗan rami a murfin na zuba abu. Foman ɗinsu, wani dogon Bature mai suna Bernard wanda suka shekara goma suna aiki tare, ya tara ma'aikata ya yi bayani da irin Turancin nan na kudancin London mai haɗiye rabin kalma. Abin da Baba Issahaku ya ɗauka shi ne: shara a zuba ta a nan. Ya kuwa bi doka yadda ya gane ta. Zare da ɓurɓushi da duk abin da ba ya moruwa, cikin durowa yake zuba su.

Sai dai rigar kwando zagayayya ce, in an yanka ta sai a bar ƙyallaye masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, wasu sun kai tsawon hannu. A shagon kawunsa, mai yadi rigarsa yake karɓa, ragowar ta tela ce, ba a tambaya ba a godiya. A zamanin tamfol ma haka yake kwasa, tsohon mai masana'antar yana gani bai taɓa cewa uffan ba. A ganinsa, ɗaukar lafiyayyen yadi a jefa a shara shi ne laifin da za a tambayi mutum gobe kiyama. Don haka in an tashi aiki sai ya ninke ƙyallayensa ya sa a ledar da ya zo da abinci, ya yi wa kowa sai da safe, ya hau bas.

Ranakun Asabar yake zama a kan kekensa na gida ya harhaɗa su. Ya ɗinka wa yaran maƙwabta jakar makaranta. Ya ɗinka wa dattawa gafaka, da 'yar jakar sa takalmi ta zuwa masallacin Regent's Park, don kada mutum ya fito ya tarar an yi musanye. Ya yi shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin darduma ranar Idi in ƙasa ta jiƙe. Ya yi wa Ajara riga ga 'yar kurar da take jan cefane a kasuwar Lewisham, ta karɓa tana cewa ta yi kama da likkafani, amma ba ta ƙara fita ba tare da ita ba. Ya aika wa tsohuwarsa a Kumasi jakar zuba carbi da goro. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. In an yi masa godiya sai ya ce, "Ku riƙe da kyau, 'yan'uwansa na sama."

Haka aka yi ta tafiya shekaru, har Fusena ta yi aure ta haifi ɗanta na fari. Ɗakin mijinta ƙarami ne, sai aka ce a yi suna a gidan Baba, wanda ke hawan ƙasa na bene kuma yana da ɗan fili a baya. Don murna, Baba Issahaku ya gayyaci Bernard.

Bernard ya zo da taye a wuya da 'yar hular ulu da matarsa ta saƙa wa jariri. Aka zaunar da shi a filin baya, ƙarƙashin wata farar rumfa da aka kafa saboda yayyafi. Hamdatu ta cika masa faranti da wace, shinkafa da wake irin ta Ghana, ta zuba shito mai barkono ba tausayi. Ya ci, ya yi tari, ya share hawaye, ya ce a ƙara. Mata suka yi ta dariya. Baba Issahaku ya zo ya zauna kusa da shi, fuska kamar an ba shi kujerar Makka, ya nuna sama da yatsa. Masa yake kiransa, wato maigida a bakin mutanen Kumasi.

"Masa Bernard, ka gane shi?"

Bernard ya ɗaga kai. Ya ga jinjirin wata an jera su baki da baki, ɗinki biyu-biyu, jan zare na bi ta cikinsu. Ya sauke kai ya dubi matashin da yake zaune a kai. Ya waiwaya bakin ƙofa, inda jakunkunan takalman baƙi suke jere farare tas. Wata mata ta gifta da goyo, majanyin ma fari. Ya ajiye cokali.

"Isaac," in ji shi, don haka yake kiransa, "zo mu ɗan yi magana."

Suka tsaya a lungun da ke tsakanin kicin da ƙofar waje, mata na ta wucewa da tukwane. Bernard ya tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun ranar da aka kawo yadin. Ya tambaye shi ko akwai wasu. Baba Issahaku ya yi dariya ya ce ai babu gidan ɗan Zango daga Peckham har Lewisham da ba shi da ko ɗaya. Bernard ya dafe goshi.

"Yadin nan ba na kamfani ba ne, na ma'aikatar tsaro ne. Duk guntun da ya rage ƙona shi ake yi. Dalilin kwaɗon ke nan."

"Ƙonawa?" Baba Issahaku ya ɗauka bai ji daidai ba. "Wannan yadin?"

"Isaac, ka saurare ni. Na san ka. Amma in magana ta je sama, sunan da za su ba wannan abu sata ne."

Ana ta guɗa a waje, an fito da jariri. Baba Issahaku ya tsaya riƙe da tabarau. Ya shekara hamsin da wani abu a duniya, an kira shi gajere, an kira shi mai taurin kai, wani yaro a bas ya taɓa kiransa da abin da ba ya maimaituwa, amma ba a taɓa haɗa sunansa da wannan kalma ba. Bernard ya ce ba zai iya rufe ido ba, don in an gano daga baya har shi za a kora, amma zai shiga wajen manaja tare da shi. Sannan ya koma ya ƙarasa abincinsa, don kada Hamdatu ta ga kamar an raina girkinta.

Manajar mace ce, 'yar tsohon mai wurin, ba ta da hayaniya. Ta saurare shi har ya gama, har da bayanin shagon kawu. Sannan ta jawo wani yanki na yadin ta nuna masa jan zaren. Ta ce wannan alama ce ta cewa an gwada yadin an amince da shi. In guntu mai alamar nan ya yi yawo a gari, rana ta ci shi, sabulu ya ci shi, sai wata rana ya faɗa hannun wani mai neman sauƙi ya yi faci da shi a kwandon gaske, to zai iya yagewa a sama, kuma injin jirgin da ke shan mai yana nan a bayansa baki buɗe. Akwai ɗan wani a cikin jirgin.

Wannan ta shige shi. Ya ce, "Ban yi tunanin yaron ba."

Ta ce ya zauna a gida tukuna. Ya dawo da duk abin da ya fita, sannan ta san abin da za ta gaya wa masu sa ido na ma'aikatar: kuskure ne ko sata. In sata ce, ba aiki kawai zai rasa ba.

A nan fa gizo ke saƙa, don dawo da kayan na nufin ya bi gida-gida ya karɓe kyautar da ya bayar da hannunsa. A Aboabo, yaro ma in ya ba abokinsa alewa ya ce a dawo masa da ita, har ya girma ana tuna masa. Baba Issahaku ya zauna a falo ya ƙura wa keken ɗinkinsa ido, koko ya huce a gabansa.

"Gara in bar musu aikin," ya ce wa Hamdatu.

"Ka bar musu, Baban Fusena. Sunan fa, shi ma barin musu za ka yi? In ka tafi ba ka kai kayan ba, ai ka amsa."

"In je in tsaya a ƙofar dattijo in ce ba ni gafakata?"

"Ka je ka ce ka yi kuskure. Bakinka ba zai faɗi ba."

Ya gwada. Ya sa babbar riga ya hau bas zuwa Lewisham, gidan wani tsoho da ya ɗinka wa gafaka da jakar takalmi. Aka gaisa, aka tambayi mai jego, aka sha shayi, aka yi zancen tsadar doya a kasuwar Rye Lane. Gafakar na rataye a bango saitin idonsa. Ya murza bakin rigar tsohon ya yaba yadin, ya yi sallama ya fito. Da ya dawo gida, Hamdatu ta dubi hannunsa ta ga ƙullin dabino da aka ba shi tsaraba.

"An aike ka karɓo kaya, ka karɓo dabino."

Gida na biyu ma haka, sai dai wannan karon sabulu ya dawo da shi. Hamdatu ba ta yi dariya ba. Ta ce in ba zai iya faɗa sau talatin ba, ya faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla a Regent's Park, mutanen Zango suka taru inda suka saba tsayawa a harabar masallaci, kusa da shagon littattafai, ana gaisawa kafin kowa ya kama hanyar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kusan kowa na riƙe da farar jaka. Baba Issahaku ya yi gyaran murya har sau biyu kafin a juyo. Ya cire tabarau don kada ya ga fuskoki sosai.

"Jama'a, ina da magana, kuma mai nauyi ce. Jakunkunan nan da na ba ku, da duk wani farin abu da ya fito daga hannuna, ashe ba nawa ba ne da zan bayar. Na ɗauka ragowar tela ce. An ce ta gwamnati ce. In ban mayar ba, ɓarawo za a kira ni. Ina roƙon ku don Allah ku ba ni kayan, ku kuma yafe mini."

Ya miƙa hannu biyu. Ba wanda ya motsa. Tsohon nan na Lewisham ya dubi jakarsa, ya dubi Baba Issahaku, ya naɗe ta ya sa a hammata. Ya ce, "Mun ji, Malam Issahaku. Je ka gida." Sauran ma suka naɗe nasu, aka watse.

Bai san yadda ya kai Peckham ba. Ya gaya wa Hamdatu ya zubar da girmansa a gaban masallaci kuma ko jaka ɗaya bai samu ba. Ya shiga ɗaki ya kwanta da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba in ba zazzaɓi ba.

Washegari da hantsi aka danna ƙararrawa aka ƙi sakewa. Ajara ce, tana haki, kurar cefanenta ta cika har ta yi tozo, ga wasu mata biyu a bayanta da manyan ledoji.

"Ina ɓarawon gwamnatin? A fito da shi!"

"Ajara, ba yau ba," in ji shi daga bakin ƙofar ɗaki.

"Yau ɗin nan. Tun asuba nake hawa benen mutane saboda kai, gwiwoyina sun mutu. Wai jiya ka tsaya a masallaci kana miƙa hannu, kana jira dattawa su zazzage takalma su miƙo maka jaka wofi? A gidan wa aka yi maka tarbiyya? Ba dai gidanmu ba."

Ta fara sauke kaya a tsakiyar falo. Ya ɗauki jakar farko ya ji ta da nauyi. Goro ne a ciki. Ta biyu sukari da ganyen shayi. Gafakar tsohon Lewisham na ɗauke da turare da sabuwar hula. Jakar makarantar wani yaro, an wanke an goge, da safa ƙafa biyu da fakitin biskit da aka riga aka buɗe aka ɗan taɓa. Ko kwano maƙwabciya ta aiko da shi ba a mayar mata da shi haka nan, balle jakar da mutum ya zauna ya ɗinka maka. Abin da ya hana su ba shi a masallaci ke nan, shi kuwa tsoro ya mantar da shi. Yini guda mutane na zuwa, kowa da farin abu a hannu da wani abu a cikinsa. Baba Issahaku ya rasa bakin godiya, sai murza rigunan mutane yake yi yana cewa yadin ya yi kyau, har da waɗanda ba su yi ba.

Ajara ce ta ƙarshe. Ta tuɓe wa kurarta riga da kanta, ta cusa wani abu a aljihun, ta jefa masa. Ya laluba ya ciro kwaɗo sabo fil da 'yan makullansa.

"Ka sa wa ledar abincinka," in ji ta.

Bernard ya zo da motar masana'anta aka kwashi kayan, har da rumfa da matasai da majanyi. A ofis aka baje su a kan babban teburin yanka. Duk da Hamdatu ta zazzage su, sai da goro biyu suka gangaro daga wata jaka suka tsaya gaban manaja. Ta ɗauki ɗaya tana juyawa, Bernard ya yi mata bayanin yadda aka yi, iyakar abin da ya gane. Ta daɗe tana duban ɗinkin, tana bin jinjirin watan da yatsa. Sannan ta tambaya ko shi ke nan duka.

Ba wanda ya san adadinsu a duniya sai shi. Ya ce, "Saura ɗaya. Tana Kumasi, wajen tsohuwata. Carbi take sawa."

Bernard ya dubi silin. Manaja ta tambayi shekarun tsohuwar, ya ce ta haura tamanin. Ta ce za ta gaya wa masu sa ido gaskiya, cewa guntu ɗaya yana Ghana a hannun wata tsohuwa, in suna so su je su karɓo da kansu. Ta ce kuskure za ta kira abin, nasa da nasu, tunda an kafa doka ba a tsaya an ga kowa ya gane dalilinta ba. Gargaɗi ne na farko kuma na ƙarshe. Ya dawo aiki.

Sai dai kayan dole a yayyanka su kafin a kai ƙonawa. Bernard ya ce zai sa wani ya yi. Baba Issahaku ya ce a'a, wani ba zai san inda ɗinkin yake ba, zai wahalar da almakashi. Ya cire kwat, ya ɗauko nasa almakashin, ya yi bisimilla ya fara da rumfar sunan jikansa. Bernard ya kawo masa shayi ya ajiye, ya koma can gefe ya yi kamar yana gyaran wani keke.

Masu sa ido sun zo sun yi tambayoyinsu sun tafi, ba wanda ya je Kumasi. Baba Issahaku ya shafe Asabar ɗin shekara guda yana ɗinka wa kowa madadin abinsa da yadin kasuwa, ba wanda ya roƙe shi. Ya ci gaba da ɗinka rigar kwando har tsakiyar shekarun casa'in, lokacin da idonsa ya fara gajiya da ramin allura, ya ajiye aiki da sunansa yadda ya zo da shi. A 'yar walimar da aka yi masa, Bernard, wanda shi ma kansa ya yi fari, ya tashi ya ba da labarin safiyar da ya koma bakin aiki.

Ya ce yana tsaye yana satar kallonsa. Isaac ya shimfiɗa yadi, ya yanka riga ta farko, ƙyalle ya faɗo, babba, lafiyayye, ba ko tabo. Ya ɗauka ya murza. Ya ɗaga shi saitin fitila. Ya ninke shi biyu, ya sake ninkewa, ya daidaita bakin da farce kamar wanda za a kai wa amarya. Sannan ya taka har gaban durowa, ya zura shi a hankali ta ramin murfin, ya tsaya yana kallon ramin.

Da ya juyo suka haɗa ido, sai ya ce, "Masa Bernard, ranar da za a je ƙonawa, don Allah kada a gaya mini."